Ƙanƙantar da Magani: Me Yake Ƙarawa?

Tambaya: Likita, barka da aiki. Na ji cewa yanzu ana niƙa magani ya koma ƙwayoyin da ido ba ya gani, waɗanda ake kira nano, kuma wai kai tsaye suke zuwa inda cuta take. Shin haka ne?

Amsa: Barka kadai. Akwai gaskiya a ciki, sai dai an ƙara wa maganar gishiri.

Maganin da aka haɗiya ba ya shiga jini sai ya narke a hanji, kuma da dama daga cikin magunguna ba sa narkewa sosai a ruwa, saboda haka sukan wuce ba tare da jiki ya mora ba. Nanomita ɗaya kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita. Kaurin gashin kai guda ya kai nanomita 80,000. Idan aka ɗauki dunƙule mai santimita ɗaya ta kowane gefe aka farfasa shi zuwa ƙwayoyi masu nanomita 100, fuskar da ruwa zai taɓa za ta tashi daga murabba'in santimita 6 zuwa murabba'in mita 60, shi ya sa narkewar ke yin sauri.

Wata dabarar ita ce lulluɓe maganin. A da, paclitaxel, maganin cutar daji, sai an haɗa shi da wani sinadari daga man zurma kafin a yi allurarsa, kuma sinadarin kan jawo wa wasu borin jini mai tsanani. A 2005 Amurka ta amince da Abraxane, wanda aka liƙa maganin a jikin albumin, furotin ɗin jini, cikin ƙwayoyi masu kimanin nanomita 130. Tun 1995 kuma aka amince da Doxil, inda aka kulle doxorubicin, wani maganin cutar daji, cikin ƙananan kumfa na kitse, lamarin da ya rage illarsa ga zuciya, ko da yake yakan sa tafin hannu da ƙafa su yi ja su kumbura.

Batun zuwa kai tsaye kuwa, nan nake taka-tsantsan. Wani nazari na 2016 da ya tattara gwaje-gwajen da aka yi kan dabbobi ya gano cewa kimanin kashi 0.7 cikin ɗari kaɗai na ƙwayoyin ke isa ga ƙarin cutar daji, yayin da hanta da saifa ke kwashe kaso mai yawa.