In cire jarina daga hatsi in sayi fili kusa da tashar jirgin Kano zuwa Maraɗi?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗan kasuwar hatsi ne a Kazaure, ina saye a kasuwannin ƙauye ina kaiwa Dawanau. Jarina ya kai naira miliyan 9. Wani dillali ya nuna mini fuloti da ya ce yana daf da inda tashar sabon jirgin ƙasa za ta kasance, an yi masa kuɗi miliyan 6, kuma ya ce in ban saya yanzu ba nan da shekara sai dai in ji labari. Ƙanena kuma yana ganin gara mu sayi A Daidaita Sahu mu tanada don ɗaukar fasinjan jirgi. Wanne ya fi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya ƙara buɗi.

Ba zan ja ka da nisa ba: kada ka taɓa uwar kuɗinka saboda jirgin da bai fara tafiya ba. Ba wai aikin ƙarya ba ne. Aikin gaske ne, kai da kake Kazaure ka fi ni ganin motocin kamfanin suna kai da kawo. A watan Fabrairun 2021 Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da shi, kamfanin Mota-Engil na ƙasar Fotugal ke yi, a kan kuɗi kusan dala biliyan 2. Tsawonsa kilomita 284, daga Kano ya bi Ɗambatta, Kazaure, Daura, Mashi, Katsina, Jibiya, ya tsallaka Maraɗi, ga kuma reshe daga Kano zuwa Dutse. Matsalar ita ce ranar da jirgin farko zai ɗauki fasinja ba a hannunka take ba, ba kuma a hannun dillalinka ba. An sha sanya lokacin kammalawa ana ɗagawa. Kuɗin hatsi kuwa kuɗi ne da ke cin abinci idan yana juyawa, ranar da ya kwanta ya daina ciyar da gida.

Mu yi lissafi. Ka sa naka alƙaluman a gurbin nawa, domin kai ka san cinikinka. A ce duk juyi ɗaya kana samun ribar naira 10 a kan kowace 100, kuma kana juya kuɗin sau uku a shekara. Miliyan 6 za ta kawo maka miliyan 1.8 ke nan a shekara. Idan filin ya zauna shekara uku, ka bar miliyan 5.4 a kasuwa. Ke nan sai ka sayar da shi miliyan 11.4 kafin a ce ka tashi ba riba ba faɗuwa, ba a ma cire la'adar dillali da kuɗin takardu ba. Sannan miliyan 3 da ta rage a hannunka ba za ta riƙe maka abokan cinikin da miliyan 9 ta tara maka ba. Wanda ya saba ka cika masa mota, ranar da ka zo da rabi zai nemi wani, kuma da wuya ya dawo.

Na san abin da za ka ce: ai fili ba ya faɗuwa, naira ce ke faɗuwa. Akwai gaskiya a ciki. A 2024 hauhawar farashi ta wuce kashi 30 cikin 100, kuma wanda ya ajiye kuɗinsa a ƙasa ya fi wanda ya bar su a banki kwanciyar hankali. Hatsin ma ba ya rasa nasa haɗarin, waɗanda suka cika sito da tsada suka wayi gari farashi ya karye a 2025 za su ba ka labari. Amma wannan hujja ce ta sayen fili a farashinsa na gaskiya. Fulotin da aka nuna maka an riga an zuba masa kuɗin jirgi a ciki. Ka tambayi maƙwabta nawa ake sayar da irinsa kafin 2021, da nawa ake sayar da mai girmansa yau a ɗaya gefen gari inda ba a zancen tasha. Bambancin da ka gani, shi ne kuɗin da kake biya don alƙawari. Cinikin biri a sama ke nan.

Akwai kuma abin da masu sayar da irin waɗannan filaye ba sa faɗa, wato tasha suna ta tara. Ka dubi garuruwan da tsohon layin dogo ya raya. Jirgi ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya bunƙasa har aka yi dalar gyaɗa. Nguru da Ƙaura Namoda sun tashi ne saboda a nan layi ya ƙare, dole kaya su taru a jira jirgi. Kafanchan mararraba ce, inda layin gabas ya rabu. Funtua kuma auduga ce ta riƙe ta. Duk inda ka ga jirgi ya yi wa gari arziki, ko dai ƙarshen layi ne, ko mahaɗa, ko wurin lodin kaya. Tashar da jirgi ke tsayawa 'yan mintuna ya wuce, labarinta daban ne. A layin Abuja zuwa Kaduna, wanda aka buɗe a Yulin 2016, yawancin fasinja daga tashar Rigasa ta Kaduna suke hawa su sauka Kubwa ko Idu a Abuja. Akwai tashoshi a tsakani, irin su Jere da Rijana. Kafin ka ba kowa ko sisi, ka kashe kuɗin mota ka je Rigasa ka wuni, sannan ka hau jirgin ka leƙa ta taga ka ga yadda bakin waɗancan ƙananan tashoshin yake bayan duk waɗannan shekaru. Kazaure a kan hanya take, ba ƙarshen layi ba. Abin da zai ɗaga ta shi ne idan an yi mata wurin lodin kaya na sosai, kuma wannan tambaya ce da injiniyoyin aikin za su amsa maka, ba dillali ba.

Ko a babbar tasha ma, cinikin bakin ƙofa ba kamar na kasuwa ba ne. Jirgi ba ya wuce 'yan sawu a rana. Mutane su yi dafifi na rabin awa, kowa na sauri da jakarsa, sai wuri ya yi tsit har sawu na gaba. Masu abinci, masu ruwan sanyi, masu POS da 'yan dako su ne ke samu. Shagunan cikin harabar kuwa na Hukumar Jiragen Ƙasa ne, ita ke bayar da su haya. Fulotin da ke bayan katanga, ko a gefen da ƙofa ba ta kalla ba, kusancinsa da tasha na ido ne kawai.

Sannan jirgi yana tsayawa. Bayan harin da 'yan bindiga suka kai wa jirgin Abuja zuwa Kaduna ranar 28 ga Maris 2022, ba a dawo da zirga-zirga ba sai a watan Disamba, wata takwas cur. Duk mai sana'ar da ya dogara da Rigasa kaɗai ya ji a jikinsa. Jirgin cikin birnin Abuja an buɗe shi a 2018, ya tsaya a 2020 lokacin korona, bai dawo ba sai Mayun 2024. A Nijar kuma abin ya fi haka: kamfanin Bolloré na Faransa ya shimfiɗa layi daga Yamai zuwa Dosso, an yi bikin tashar Yamai a 2014, amma jirgin haya bai taɓa kama aiki a kai ba. Naku layin yana da ƙarin sharaɗi guda, iyaka. An rufe ta daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, aka sake rufewa bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, Najeriya ba ta buɗe nata ɓangaren ba sai Maris 2024. Layin da aka gina don cinikin Maraɗi, ƙarfinsa yana tafiya ne da zaman lafiyar Abuja da Yamai.

Idan duk da haka ranka ya kwanta da filin, to aƙalla ka tsare kanka ta fuskar takarda. Dokar filaye ta 1978 ta damƙa ƙasa a hannun gwamna, kuma yana da ikon karɓe fili don amfanin jama'a. Diyyar da ake biya ta abin da ke kan filin ce, gini ko shuka ko itatuwa, ba ta farashin da ka saya a hannun dillali ba. Filin da ya fi kusa da layi shi ya fi shiga wannan haɗari, domin ana barin tazara a gefen dogo, ana kuma buƙatar wurin ajiye motoci da hanyar shiga. Har ma akan sami filin da an riga an biya diyyarsa, mai shi na da ya sake sayarwa. Takardar mai unguwa da shaidu biyu ba ta isa ba a nan. Ka je ma'aikatar ƙasa a Dutse a duba maka taswira, ka ɗauki safiyo, wato mai awon fili, naka na kanka, ba wanda mai sayarwa ya kawo ba. Wannan gaggawar da ake yi maka ta "yau ko gobe" ita kanta abin tuhuma ce.

Shawarar ƙanenka ta fi ta dillali kusa da gaskiya, sai dai ya yi mata gaggawa. Sababbin tashoshin nan a bayan gari ake gina su. Rigasa a gefen Kaduna take, Idu da nisa daga tsakiyar Abuja, haka Moniya a Ibadan. Duk wanda ya sauka dole ya nemi abin hawa, don haka kuɗin yana tsakanin tasha da gari. Amma A Daidaita Sahu ba fili ba ne, daga ranar da aka fito da shi daga shago yake tsufa. Wanda ka saya yau don jirgin baɗi ko baɗin baɗaɗa, kafin jirgin ya zo ya ci inji. Tambayar da za ku yi ita ce: zai iya biyan kansa da fasinjan Kazaure na yau, ba tare da jirgi ba? Ku zauna da masu mashin uku ko huɗu, ba direbobi ba, ku ji nawa ake kawo musu balas a rana, kwana nawa mashin ke yi a wurin bakanike a wata, da abin da ƙungiya da ƙaramar hukuma ke karɓa. Idan lissafin ya fita, ku sayi guda ɗaya daga riba, ƙanen naka ya riƙe shi da kansa ko ya sa ido a kai. Amfanin shiga da wuri shi ne ku zama 'yan ƙungiya, domin ranar da aka buɗe tasha ƙungiya ce za ta raba layin lodi, baƙo ba ya samun wuri.

Ku kuma san cewa wannan sana'a tana rayuwa ne a ƙarƙashin alƙalamin gwamnati. A Janairun 2013 Kano ta hana acaɓa, dubban babura suka rasa aiki dare ɗaya. A ƙarshen 2022 ta sanar da hana 'yan sahu bin wasu manyan tituna, sai da aka yi ta ƙorafi ta janye. Cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023 ya ɗaga lita daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500 cikin 'yan kwanaki. Yanzu kuma gwamnatoci sun karkata ga motocin bas masu amfani da iskar gas. Jihar da ta ga dama tana iya sa bas ɗinta a bakin tasha da rahusa, ta kwashe fasinjan da kuke jira.

Abin da ya ba ni mamaki a wasiƙarka, Alhaji, shi ne ba ka tambayi abin da jirgin zai yi wa hatsinka ba, alhali nan ne ka fi dillali da ƙanenka sani. Daga Kazaure zuwa Dawanau jirgi ba zai ƙwace wa mota kaya ba. Tafiyar gajera ce, kuma kowane buhu sai an loda shi a akori-kura zuwa tasha, a sauke, a loda a tarago, a sauke a Kano, a sake lodawa zuwa kasuwa. Kuɗin 'yan dako kaɗai ya cinye rangwamen. Ga kuma aikin tagwaita hanyar Kano zuwa Kazaure da Daura har Kwangwalam, wanda kamfanin BUA ya karɓa, kuma daga shataletalen Dawanau ya faro. Jirgi yana cin riba ne a kaya masu nauyi da tafiya mai nisa: siminti, taki, riɗi, wake, shanu, kwantena.

Wannan nisan kuwa bai haɗu ba tukuna. Sabon layi mai faɗi ya tashi daga Legas ya tsaya Ibadan, an buɗe shi a 2021. Wani ya tashi daga Abuja ya tsaya Kaduna. Na Kaduna zuwa Kano, kilomita 203, an aza harsashinsa a Yulin 2021. Tsakanin Ibadan da Abuja babu sabon layi. Tsohon layin Turawa da ya haɗa Legas da Kano siriri ne, taragonsa ba ya hawa sabo, na sabo ba ya hawa shi. Saboda haka, abin da ɗan hatsi zai sa wa ido ba ginin tashar garinsu ba ne. Ka bi labarin haɗewar Kano da Kaduna, ka bi na tashar tsandauri ta Dala, wato tashar kwantena ta kan tudu da ke Zawaciki, wadda aka buɗe a Janairun 2023, ka ji ko kwantenoni sun fara shiga da fita ta jirgi akai-akai, da nawa ake cajin tan ɗaya idan aka kwatanta da tirela.

Tanadin da ya dace da kai ba ya cin miliyan 6. Tarago ba ya ɗaukar buhu ashirin, mai cika shi ake saurara. Ka fara magana da 'yan uwanka masu hatsi a Kazaure da Roni da Gwiwa da 'Yankwashi, ku yi rajistar ƙungiyar haɗin gwiwa, ku saba haɗa kaya a tirela ɗaya tun yanzu, a san wa ke cika alƙawari wa ke saɓawa. Idan an tabbatar da inda za a yi lodi, ku kama hayar sito a kan hanyar da motoci za su bi zuwa can, na shekara ɗaya tak, da sharaɗin sabuntawa a rubuce. In jirgin kaya ya kama aiki ya yi wata shida bai tsaya ba, lokacin ne za ku zauna ku yi maganar sayen fili, ko da ya ƙara kuɗi, domin a ranar kun san ƙofar da kaya ke fita.

Fulotin kuma, ka ce wa dillalin ya kawo lambar filin da sunan mai shi na asali, za ka kai Dutse a duba. Ka ba shi mako biyu.