Ɗigogin nan masu yawo a allo, da gaske suke nuna yadda cuta ke bin iska?

Malam, ka tambaya ko ɗigogin da ake nunawa suna kai-komo a allon kwamfuta suna kama cuta gaskiya ne ko wasan yara. Suna da amfani, amma kada ka ɗora musu kayan da ya fi ƙarfinsu.

Kwaikwayon da ya fi yawo shi ne na jaridar Washington Post ta Amurka a watan Maris 2020, lokacin annobar korona. Ɗigo 200 a cikin akwati, kowanne a matsayin mutum, ɗaya ne mai ciwo, duk wanda ya taɓa shi sai ya canza launi, wato ya kamu. Da aka tsayar da kashi uku cikin huɗu wuri guda, sai yaɗuwar ta yi sanyi. Matsalarsa, a nan sai an taɓa juna ake kamuwa, alhali mai tari kan bar ɗaki, ƙwayar cutar na nan tana shawagi a iska bayansa.

Aikin da ya fi burge ni na Japan ne. Cibiyar binciken kimiyya ta RIKEN ta yi amfani da katafariyar kwamfutar Fugaku da ke birnin Kobe a 2020, ta bi sawun ɗigogin feshin yawu ɗaya bayan ɗaya: manya su faɗi nan kusa, ƙananan su bi iska. Sun gwada taragon jirgin ƙasa cike da fasinja, suka ga buɗe tagogi na ƙara musanyar iska, amma cunkoso na hana ta ratsa ko'ina. Sun kuma gwada takunkumi iri-iri.

Sai dai abin da aka ba kwamfuta shi take tauna. Ba ta san wane zai sauke takunkumi don ya amsa waya ba.