Zan iya cire fankar bel in sa ta lantarki a tsohuwar akori-kura?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na san filin nan na waya da kwamfuta ne amma tunda harkar wayarin ce na ce bari in gwada. Ina da tsohuwar akori-kura mai silinda huɗu, fankarta irin wadda bel ke juyawa ce, in na shiga cunkoso ko na bar ta a sulo sai allurar zafi ta dinga hawa, amma da na samu titi na taka sai ta sauko. Wani ya ce in cire in sa ta lantarki. Zai yi kuwa?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Zai yi, kuma yadda ka kwatanta matsalar nan lallai ta iska ce. Fankar bel da injin take tafiya, in injin na sulo ita ma a hankali take juyawa, alhali a lokacin ne aka fi buƙatarta tunda motar a tsaye take ba iskar da ke bugun lagireto. In gudu ya kai kilomita 50 zuwa 60 a awa iskar gaba kaɗai ta isa. Da cewa ka yi a kan titi take zafi da na ce kar ka ɓata kuɗinka, ka je a duba lagireto ko ya toshe, ko famfon ruwa, ko gasket. Kafin ka sayi komai ma a taɓa kulocin fankar in tana da shi, in injin ya yi zafi ka kashe ka juya ta da hannu ka ji tana ta walawala ba nauyi to kulocin ne ya mutu, canza shi ya fi sauƙi.

In dai ta lantarkin kake so, ka sa ta bayan lagireto ta ɓangaren injin ta riƙa zuƙo iska. Wadda ake sawa a gaba tana turawa ita da kanta tana tare hanyar iskar, sai in babu wuri. Ka auna tsayi da faɗin lagireton da tazarar da ke tsakaninsa da kan famfon ruwa, don akwai masu sayo fanka mai kauri su zo ta ƙi shiga. Ƙarfin iskarta ana rubuta shi da CFM, wato yawan iskar da take ja a minti ɗaya, silinda huɗu ka nemi daga 1,250 zuwa sama, shida wajen 2,000, takwas 2,500 ko fiye, kuma ni ban cika yarda da lambar da ke jikin kwalin masu arha ba. Ka samu mai murfin nan da ke rufe bayan lagireto gaba ɗaya, shi ke sa iska ta ratsa ko'ina ba iya zagayen fankar ba. Igiyoyin robar da ake cusawa ta cikin lagireto a ɗaure fanka kuwa ka rabu da su, girgizar hanya za ta sa su ci bututun ya fara yoyo, a yi mata ƙafar ƙarfe a ɗaure a gefe.

Wayarin ɗin shi ne inda ake yin ɓarna. Irin wannan fankar tana jan amp 15 zuwa 30, lokacin tashi ma ta fi haka, to don Allah kar mai wayarin ya jona maka ita kai tsaye da makulli, makullin tsohuwar mota ba a yi shi don wannan lodin ba, zai yi zafi ya narke. Rile ake sawa mai amp 40, wato ɗan maɓallin da ƙaramar wuta ke kunnawa shi kuma ya saki babbar wuta, ƙafafunsa na da lambobi. Ƙafa ta 30 ta je batir da waya mai kauri, geji 10, da fis kusa da batirin sosai ba can kusa da fanka ba, ƙafa ta 87 ta je fanka, 86 ta ɗauko wuta daga layin makulli, 85 ta bi ta sensar zafi zuwa jikin mota. Kenan makulli da sensa umarni kawai suke bayarwa, rile ke ɗaukar nauyin. Wayar as ɗin fankar ma, wato wadda ke zuwa jikin mota, ta zama mai kauri, a kankare fenti kafin a ɗaure ta.

Sensar ta zama mai kunnawa sama da zafin da tamostat (bawul ɗin da ke sakin ruwa zuwa lagireto) ke buɗewa, misali in tamostat ɗinka na digiri 82 ne fanka ta tashi wajen 90 zuwa 95 ta mutu in ya ɗan sauko. Wasu sai su cire tamostat su bar fanka tana yi ba tsayawa wai don sanyi, hakan injin ba ya kai zafin da ya kamata, ya ƙara shan mai, fankar ta mutu da wuri. Maɓallin hannu kaɗai ma ban ba ka shawara ba, wata rana za ka manta. In motar na da esi a haɗa yadda fanka za ta tashi duk lokacin da kwamfaresa ta kama.

Ka leƙa oltaneta kuma, wato na'urar da ke cajin batir, tsofaffin da yawa amp 40 zuwa 60 suke bayarwa, a sulo kuma ba sa kai hakan, in ka haɗa fanka da fitilu da daddare batir ne zai riƙa biyan bashin. Injin na aiki komai a kunne in mita ta nuna ƙasa da bolt 13 a batir, sai ka nemi oltaneta babba.

Da an cire tsohuwar fankar, a yawancin motocin nan kusoshinta ne ke riƙe da fulin famfon ruwa, sai a mayar da gajeru. In an gama a kunna a sa takarda a gaban lagireto, in ta manne daidai ne, in ta ture ta an juya wayoyin biyu. Amma in kaya masu nauyi kake ja kana hawa tudu kullum, ni dai da na bar ta bel ɗin da sabon kuloci, in ƙara ƙaramar ta lantarki a gaba don cunkoso.