Kiranye ba ya hawa kan gwamna a Najeriya

Malam, ka tambaya ko talakawa za su iya yi wa gwamna kiranye, wato masu zaɓe su sauke shi da ƙuri'arsu kafin wa'adinsa ya ƙare. Ba za su iya ba. Sashe na 69 da 110 na tsarin mulkin 1999, masu magana kan kiranye, 'yan majalisa kaɗai suka shafa.

Gwamna sai tsigewa, bisa sashe na 188. Kashi ɗaya bisa uku na 'yan majalisar jiha su sa hannu kan takardar zargi, biyu bisa uku su amince a bincika, Babban Jojin jiha ya naɗa kwamitin mutum 7, sannan biyu bisa uku su karɓi rahoton.

Wajen adadin nan ake tuntuɓe. A Oyo, 'yan majalisa 18 cikin 32 suka tsige Gwamna Rashidi Ladoja a 2006, adadin da bai kai biyu bisa uku ba, Kotun Ƙoli ta mayar da shi kujerarsa.