Adireshin Ƙauye a Kan Taswira

Tambaya: Malam, ina aiki a wani ƙaramin kamfanin intanet a Sakkwato. Maigidana yana son lambobin taswira na gidajen abokan cinikinmu don rahoton Hukumar Sadarwa, NCC. Amma mutanenmu na Kware da Wamakko adireshinsu shi ne "bayan masallacin Juma'a, kusa da mai shayi". Yaya zan yi?

Amsa: Ɗan'uwa, kada ka wahalar da Google Maps da neman mai shayi, ba ta san shi ba. Sai dai ta jefa kowa tsakiyar gari.

Hau babur ka je. Tsaya ƙofar gida, ba cikin zaure ba, don rufin kwano yana rikita GPS, abin da waya ke gane inda kake da shi. Ka buɗe Google Maps a wayarka, ka ɗan jira shuɗin ɗigon da ke nuna inda kake ya natsu, sannan ka danna wurin ka riƙe, lambobi biyu za su fito. A yankinku ta farko wajen 13 ce, ta biyu wajen 5. In ka juya su, ka kai mutumin Kware ƙasar Kamaru! Ka kwafi kowace lamba har da alƙaluma biyar na bayan ɗigon da ke cikinta, kada ka gutsure.

Sannan ka nemi izinin abokin cinikin mai gidan tukuna, dokar kare bayanai ta 2023 ta shafe ku.