Tambaya da Amsa: Yariman da aka kulle a akwatin shinkafa

A wannan wata wasiƙu uku ne suka iso wannan fili a kan abu guda, wato kashin farko na wasan kwaikwayon Koriya mai dogon zango da ake kira Yi San, wanda tashar MBC ta fara nunawa a shekarar 2007 har ya kai kashi 77. Ga wanda bai kalla ba, labarin ya buɗe ne a shekarar 1762, lokacin da Sarki Yeongjo na daular Joseon, wato tsohuwar masarautar Koriya, ya sa aka kulle ɗansa, Yarima Sado mai jiran gado, a cikin akwatin ajiye shinkafa a farfajiyar fada, shi kuwa jikan sarkin, ƙaramin yaro mai suna Yi San, ya saci jiki cikin dare ya je wurin mahaifinsa.

Tambaya: Malam, mun yi gardama da maigidana bayan mun kalli wannan kashi. Shi ya ce ƙirƙira ce ta masu shirya wasa domin su sa mutane kuka, tunda babu uban da zai yi wa ɗansa haka, ni kuma jikina ya ba ni cewa abin ya faru. Wane ne mai gaskiya a cikinmu? Daga wata mai karatu a Zariya.

Amsa: Malama, a wannan karon ke ce da gaskiya, sai maigida ya yi haƙuri. An kulle Yarima Sado a akwatin katako na ajiye shinkafa a fadar Changgyeong da ke birnin Seoul a farkon watan Yulin 1762, tsakiyar lokacin zafi, ba ci ba sha, ya kuma cika bayan kwana takwas yana da shekara 27. Kafin a kawo akwatin, sarkin ya tuɓe masa sarautar yarima, ya umarce shi da ya kashe kansa, amma malamansa da hadimansa suka riƙa hana shi. Roƙon da yaron ya yi ma yana cikin tarihi: ya zo ya durƙusa yana neman a bar masa mahaifinsa da rai, kakan ya sa aka ɗauke shi daga wurin. A lokacin bai cika shekara goma ba a lissafinmu, ko da yake a lissafin Koriyawa na da ana cewa shekararsa goma sha ɗaya.

Abin da maigidanki zai so ya sani shi ne dalilin zaɓen akwati alhali ga takobi ga guba. Ba a yarda a zubar da jinin ɗan sarauta ba, sannan dokar ƙasar tana shafa wa iyali laifin maigida, ta yadda da an yanke wa Sado hukuncin kisa a matsayin mai cin amanar ƙasa, da matarsa da ɗansa sun shiga ciki. Yeongjo kuwa ba shi da wani ɗa namiji da ya rage, kuma wannan jikan ne ya ɗora wa burinsa. Saboda haka aka nemi hanyar da yariman zai mutu ba tare da hannun hauni ya taɓa shi ba. Bayan rasuwarsa sarkin ya mayar masa da matsayinsa, ya kuma raɗa masa sunan Sado, wanda ma'anarsa ke nuni da tunawa cikin baƙin ciki. A shekarar 1764 ya mayar da jikan ɗan riƙon Yarima Hyojang, yayan Sado da ya rasu yana yaro tun 1728, domin kada wani ya ce ɗan mai laifi ne zai hau gadon sarauta.

Tambaya: Ranka ya daɗe, tun da na kalli wannan kashi na tsani tsohon sarkin nan da fadawansa. A fili yake cewa makirci aka ƙulla wa bawan Allah salihi. Shin tarihi ya tona asirin waɗanda suka yi masa sharri? Daga wani malamin makaranta a Maraɗi.

Amsa: Malam, a nan ne ya kamata mu yi taka-tsantsan, domin wasan ya ɗauki ɓangare guda na wata muhawara da masana tarihin Koriya suka daɗe suna yi, ya gabatar da shi kamar shi kaɗai ne labarin. Ba ƙarya ba ne cewa fadar ta rabu gida biyu tsakanin ƙungiyoyin fadawa da ake kira Noron da Soron, kuma ba ƙarya ba ne cewa makonni kaɗan kafin aukuwar abin wani mutum mai suna Na Gyeong-eon ya kai wa sarki takardar ƙorafi mai ɗauke da zarge-zarge a kan yariman, shi ma daga baya aka kashe shi. Tafiyar da Sado ya yi a ɓoye zuwa Pyongyang a 1761 ta ƙara ba maƙiyansa abin faɗa. Masu ra'ayin makirci a kan waɗannan suke kafa hujja.

Sai dai shaida mafi tsawo da ake da ita ta fito ne daga cikin ɗaki, daga matar Sado, Hyegyeong, mahaifiyar Yi San, wadda ta rubuta tarihin rayuwarta har sau huɗu tsakanin 1795 da 1805. Mutumin da ta siffanta ba salihin da aka gani a talabijin ba ne. Ta ba da labarin yaron da aka raba da iyayensa tun yana jariri, ya tashi yana rawar jiki a gaban mahaifi mai tsanani wanda yakan muzanta shi a bainar jama'a, aka kuma ɗora masa riƙon ƙasa a 1749 yana ɗan shekara goma sha huɗu, duk hukuncin da ya yanke sai an ga laifinsa. A hankali hankalinsa ya fara taɓuwa, har sanya tufafi ya zame masa abin tsoro, sai an jera masa kaya masu yawa ya ƙona wasu kafin ya iya sa ɗaya. A 1757 ya fille kan wani baban fada, kashe-kashen hadimai suka biyo baya, kuma a 1761 ya doki ƙwarƙwarar da ya fi so har ta mutu. Wadda ta je ta gaya wa sarki cewa abin ya wuce gona da iri, rayuwar sarkin da ta jikansa suna cikin haɗari, ita ce mahaifiyar Sado da kanta.

Za a iya cewa ita ma Hyegyeong tana da abin karewa, kuma haka ne, domin mahaifinta Hong Bong-han babban waziri ne a lokacin, an kuma zarge shi da cewa shi ya ba da shawarar akwatin, don haka tabbatar da ciwon mijinta wanke gidansu ne. Duk da haka ina ganin shaidarta ta fi labarin makirci nauyi, saboda kundin tarihin fada ma ya ambaci kashe-kashen. Abin da ya hana a yanke gardamar shi ne cewa a 1776 Yi San ya roƙi kakansa a goge bayanan waɗancan kwanaki daga littafin sakatarorin fada, aka kuwa goge. Kana da ikon jin haushin Yeongjo, ni ma ban wanke shi ba, tunda tsananinsa yana cikin abin da ya kai ɗansa ga wannan hali. Amma ka tuna da hadiman da suka mutu a hannun yariman, waɗanda wasan bai ba su ko daƙiƙa ɗaya ba.

Tambaya: Yarinyar nan Song-yeon da ta taimaki Yi San a daren, da gaske ta rayu, kuma da gaske sun yi aure? Daga wata ɗaliba a Kumasi.

Amsa: 'Yata, rabi gaskiya ne, rabi kuma adon labari. Akwai mace daga gidan Seong, wadda a kanta aka gina Song-yeon, da ta zama ƙwarƙwarar Yi San bayan ya zama sarki ta samu muƙamin Uibin, amma sunanta Deok-im, kuma hadimar fada ce da ta tashi a hannun Hyegyeong. Haɗuwar dare da aikin zane da wasan ya ba ta, duk marubuta ne suka ƙara. Yi San ya hau gado a 1776, shi ne tarihi ya sani da Sarki Jeongjo, ya yi mulki har 1800, kuma ranar hawansa ya shaida wa fadawa cewa shi ɗan Sado ne. A 1789 ya mayar da kabarin mahaifinsa kusa da birnin Suwon, sannan ya gina ganuwar Hwaseong a can tsakanin 1794 da 1796, wadda har yau tana tsaye. Ita kuwa Deok-im, sarkin da kansa ya rubuta cewa sau biyu tana ƙin tayinsa kafin ta amince. Ta haifa masa Yarima Munhyo a 1782, ƙyanda ta kashe yaron a 1786, ita ma ta bi shi bayan 'yan watanni tana da juna biyu. Idan kin yi niyyar kallon wasan har ƙarshe, ki yafe mini tona miki wannan.