Fara haɗa kundin tunawa ga mai ƙarancin lokaci

Kin tambaya ko mai hidima da yawa za ta iya fara haɗa kundin hotuna da abubuwan tunawa. Za ki iya, muddin kika tsaya a kan lamari guda, kamar tafiya ɗaya, kuma kika zaɓi ƙaramin kundi mai inci 8 maimakon mai inci 12, domin shafinsa kan kammalu a zama ɗaya.

Sharaɗin kawai shi ne ki nemi gam da takarda marasa asid, saboda hotunan kundina na farko, waɗanda na manna da gam na yau da kullum, sun koma rawaya bayan 'yan shekaru. Rubutun rasit da tikiti kuwa yakan dushe da sauri, don haka ki ɗauki hotonsu kafin ki manna su.